Danshi a Ɗakin Ramatu

A Malanville, idan bazara ta kai tsakiya, akwai lokacin da gari ke mutuwa da rana tsaka. An fito sallar azahar, 'yan zemi masu haya da babur sun jingine baburansu a gindin itatuwa, manyan motocin da ke jiran duwan, wato kwastan, a bakin gada sun kashe inji, awaki ma sun gaji da kuka. Wannan lokacin Almustapha mai gyaran pampo ya ware wa aikinsa tun yana da baƙin gemu. Kowa na neman inuwa, shi kuwa yana tsakar gidan wani, ba takalmi, ya kafa ƙarfe a ƙasa ya manna kunne a ɗaya bakin, idonsa a rufe.

Ƙarfen ba abin kallo ba ne. Guntun ƙarfen gini ne da ya kai masa ƙirji, an sa masa ƙotar itace wadda ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumi. Da shi yake jin ruwan da ya ɓuya. Tiyo in ya tsage a ƙarƙashin siminti yana da kuka, siririn kuka kamar na mai a kasko daga gidan maƙwabta, kuma kukan na ƙaruwa in mutum ya matso kusa da tsagar. Inda danshi ya fito ba lallai nan ne ɓarnar take ba. Ruwa kan bi ramin tiyo ya yi tafiyarsa, ya je ya ɓullo can wani ɗaki na nesa. Shi ya sa masu gyara da yawa kan farfashe tsakar gida kamar masu tonon gyaɗa kafin su dace. Almustapha wuri ɗaya yake fasawa. Ya zana da'ira da gawayi, ya ɗaga guduma, ga ruwa. A kan wannan ya ci abinci, ya ƙara ɗakuna biyu da zaure a gidansa, a kan wannan kuma manyan 'yan kasuwa ke miƙa masa hannu biyu.

Ɗan masunta ne. Ubansa Seydou kan tsoma gorar tuƙi a gulbi ya kara kunne, ya ce 'ya'yansa su yi shiru, can ya nuna inda za a zuba taru. Almustapha ya gaji kunnen, bai gaji son gulbin ba. Tsoron ruwa mai zurfi yake tun yana ƙarami, abin da ba a faɗa a gidan masunta. Ya gudu gonakin shinkafa ya zama mai kula da injunan jan ruwa, ya yi shekaru cikin rugugin su. Daga nan wani maigida ya tafi da shi Parakou ya koyi aikin tiyo. Da ya dawo pampo ya fara shiga gidaje, kuma tiyon tsofaffin unguwanni da dama da hannunsa aka binne shi.

Matarsa Ramatu 'yar Toumboutou ce, mace mai ƙarancin magana da ke soya kifi a ƙofar gida. Sun haihu da dama, biyu suka girma: Issufu ɗan fari, da Basira wadda ke aure a Gaya, tsallaken gada. Issufu kakansa ya biyo. Ya zama matuƙin jirgin ruwa mai ɗaukar albasa, kuma wata shekara da gulbi ya cika, jirgin ya kife da lodinsa. An nemi gawa har aka gaji. An yi addu'a, an raba sadaka, ba kabari. Ramatu, kamar matan zamaninta, ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba yana raye. “Wancan” take cewa, ko “yaron ga”. Da ya mutu sai ya zama ba ta da ko sunan da za ta daina kira.

Kunnen Almustapha bai tafi rana ɗaya ba. Na hagu ya fara, wani rugugi ya zauna a ciki kamar injin gona ya biyo shi gida. Ya koma saurare da na dama. Can na dama ya bi sahu. Bai je likita ba, don likitan garin ma mutum ne mai gida da pampo da baki. Ya koyi kallon leɓɓan mutane. Ya koyi yin dariya in ya ga haƙora sun fito. In an kira shi a salula sai ya ɗaga murya ya ce rezo, wato layin waya, ba kyau, a zo gida. Aikin kuwa ya ci gaba da yi da ido da tafin ƙafa da abin da ya tuna: ya san inda ya sa gwiwa, wato mahaɗin kwanar tiyo, a gidan wane, ya san gwiwa ce ke fara tsagewa. Yakan kafa ƙarfen ya rufe ido kamar dā, ba ya jin komai sai injin da ke kansa, sannan ya zana da'irarsa inda ya riga ya yanke shawara tun kan hanya. Sabbin gidajen da ba shi ya sa musu tiyo ba sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Mutane suka ce Baba Almu ya fara girman kai. Hakan ya fi masa daɗi.

Sai danshi ya fito a gidansa.

A gindin bangon ɗakin Ramatu ya fara, ta ciki, wurin da akwatinta ke jingine. Bangon ƙasa ne aka shafe da siminti. Da farko duhu ne kawai kamar inuwa. Sannan farin gishiri ya fito a kai, shafen ya kumbura ya fara zubowa, ɗakin ya ɗauki warin tulun da aka daɗe ba a wanke ba. Ramatu ta ɗaga akwatin wata rana, gindinsa ya zauna a ƙasa. Almustapha ya rufe pampon tsakar gida da na makewayi, ya je ya tsaya kan agogon ruwa a zaure. Allurar na juyawa a hankali, ba ta tsayawa.

Ya san abin da ke gaba. Bangon ƙasa da ya sha ruwa ta gindi yana iya tsayuwa duk bazara, amma ruwan farko na damina mai iska ba zai bar shi ba. Basira ma ta sani. Ta zo ta gani da idonta, ta koma Gaya, ta aiko kawunta Karimu, ƙanin Ramatu, ɗan zemi mai tsallaka gada kullum.

Karimu ya same shi a zaure yana goge ƙarfen da tsumma.

“Salamu alaikum, mai auren yayata. Mai kunnen zomo. Gida na narkewa kana ma ƙarfe kwalliya.”

Almustapha ya kama “yayata” da “kwalliya”. Ya yi murmushi ya ce, “Kai dai ba ka da aiki sai shan ƙurar gada. Shigo, ka ci arziki.”

Karimu ya zauna gabansa, ya cire hular kwano. “Basira ta aiko ni. Ta ce in hadari ya fara haɗuwa ba a gyara ba, in ɗauko mata uwarta. Ta share mata ɗaki, har labule ta sa.”

“Mi kac ce?”

“Na ce ta share ɗaki. Kai, yau azumin ji kake?”

“Ina tunani ne.”

“To yi tunanin wanga. Ka bar tsohon tiyon nan ya mutu a ƙasa, ka ja sabo ta sama, a bi gindin bango. Haka anka yi gidan mai gidana, kahin la'asar an gama.”

Wannan ya ji sarai, don Karimu ya zana tiyon a iska da hannu. Fuskarsa ta canza.

“Tiyo ta sama? A gidana? Wanga aikin waɗanda sunka kasa ne, Karimu. Mutum ya nemi yoyo bai gani ba, sai ya shimfiɗa roba a tsakar gida kamar hanjin akuya, kowa ya shigo ya karanta cewa an kasa. Matan unguwa na ɗibar ruwa nan kullum. Kana so gobe a ce Almu bai iya gano ruwan ɗakin matarshi ba?”

“Ai yanzu ma abin da ake cewa ke nan,” in ji Karimu, yana mayar da hular kwano. Ya faɗa yana duban ƙofa, Almustapha bai ga bakinsa ba.

Maganar labulen ce ta tsaya masa. Ya san yadda irin wannan tafiya take. Mace mai shekarun Ramatu in ta tsallaka gada ta zauna wurin 'yarta, a ce kafin a gyara ɗaki, jikoki za su saba da ita, tukunyar kifinta za ta koma can, kuma ba wanda zai taɓa cewa aure ya mutu. Zai rinƙa zuwa gaisuwa ranar kasuwa, a shimfiɗa masa tabarma a zauren surukinsa.

Da azahar ta yi ya cire takalmi. Tiyon gidan shi ya binne shi da kansa, shekarar da Ramatu ta tafi Toumboutou jinyar uwarta. Daga agogon ruwa ya bi ta gaban madafa, ya zagaya ta bayan ɗakinta, ya tafi makewayi. Daga baya ya malale ko'ina da siminti. Ya bi hanyar da ƙarfensa, yana kafawa yana kara kunne. Rana na dukan ƙeyarsa. Ya matse ido, ya riƙe numfashi, ya danna ƙotar har ta bar masa shaida a kunci. Injin da ke kansa ne kawai. Gwiwoyin da ya sa a gidan nan suna da yawa, don lokacin yana ganin gwanintarsa, kuma simintin ya yi kauri, ƙafa ba ta jin bambanci.

Kwana da kwanaki yana haka. Ramatu na zaune a inuwar madafa tana gyaran kifi. Wata rana ta wanke hannu, ta taso ta tsaya daidai gabansa yadda zai ga bakinta.

“Malam, ba ni ƙarhen.”

“Ki yi mi da shi?”

“In ji maka.”

Ya dube ta. Ta nuna kunnenta, ta nuna nasa, ba tare da ta kawar da ido ba.

“Tun yaushe kinka sani?”

“Tun da ka bar amsa sallamar mai hura. Dā tun tana lungu kake aiko ni da ƙwarya.”

“Ba ki ce komi ba.”

“Kai ma ba ka ce ba.”

Ya so ya yi faɗa, ya rasa a kan me. Ya leƙa zaure ya sa sakata, ya dawo ya miƙa mata. Ya nuna mata yadda ake kafawa a miƙe, yadda ake manna ƙotar a ƙashin gaban kunne, a toshe ɗayan da yatsa. Ya ce ta nemi kukan mai a kasko, ta bi shi duk inda ya ƙara ƙarfi. Ramatu ta yi dariya a karon farko cikin makonni, ta ce in kukan mai ne ai ba a koya mata. Ta zame ɗankwali daga kunne. Suka fara daga zaure, shi yana nuna hanya da ƙafa, ita tana saurare. A gaban madafa ta ɗaga yatsa, ta ce akwai wani abu can ƙasa-ƙasa. Suka matsa. Ta ce ya ƙaru. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ji kamar kunnensa ne ya dawo.

Suka zagaya bayan ɗakinta, ɗan lungun da ke tsakanin bango da katangar maƙwabta. Ya nuna mata wuri. Ta kafa ƙarfen, ta kara kunne, ta ɗauke da sauri kamar ta taɓa garwashi.

“Nan ba komi,” ta ce.

“Ki ƙara saurare.”

“Na ce ba komi. Can baya ya hi ƙarhi.” Ta koma gaban madafa ta buga ƙafa a ƙasa. “Nan ne.”

Ya zana da'ira ya ɗauko guduma. Simintin da ya zuba da kansa ya fasa, ya kwashe, ya tona har ya ga bayan tiyon. Akwai ɗan laushi a ƙasar, irin na ruwan da ya ratso daga wani wuri, amma tiyon lafiya lau. Ya faɗaɗa ramin. Lafiya lau. La'asar ta yi, matan unguwa suka fara buga ƙofa da bokitai, dole aka zare sakata.

Kulu, tsohuwar maƙwabciyarsu mai baki, ita ta fara shigowa. Ta tsaya kan ramin ta riƙe haɓa.

“A'a, Baba Almu, rijiya za ka ba mu? To ina ruwan?”

“Shina tahe,” in ji wata a bayanta. “Daga Gaya za a kawo shi.”

Suka bushe da dariya. Almustapha ya ga haƙora sun fito, shi ma ya yi dariya, sai ya ga sun dubi juna sun yi shiru. Ya mayar da kansa cikin ramin.

Washegari Ramatu ta nuna wani wuri kusa da makewayi. Ya fasa. Busasshe ƙarau. Tsakar gidan ya koma abin da ya yi shekaru yana yi wa wasu dariya a kai. Ya zauna a bakin ramin, guduma a cinya, yana kallonta tana shara.

Kurma yana rasa abu da yawa, amma fuska ba ta ɓuya masa. Ya tuna yadda ta ɗauke kunnenta a bayan ɗaki. Wanda bai ji komai ba yakan daɗe yana nema, ya gyara tsayuwa, ya sake karawa. Wanda ya ji ne ke ɗaukewa. Ya bi ta da ido ta shiga lungun da tsintsiya. Ta share gefe da gefe, da ta zo daidai wurin sai ta miƙa hannu ta share daga nesa, ta raɓa ta jikin katanga ta wuce. Ya yi ƙoƙarin tuna ko ya taɓa ganin turmi ko murhu ko kwandon shara a wurin nan cikin duk shekarun zamansu. Bai taɓa ba. Shi da ya san hanyar ruwa a ƙarƙashin gidajen mutane, bai taɓa lura da inda matarsa ba ta takawa ba.

Ya tashi ya same ta a lungun.

“Ramatu, nan ne. Kin ji shi nan.”

Ta ci gaba da shara.

“Kin sa na hwashe gida a gaban mata. Kin san bangon ga ba ya kai damina. Ko so kike ya hwaɗi ki tahi wurin ɗiyarki? In haka ne ki gaya mani, ba sai kin yi mani dariya da guduma a hannu ba.”

Ta ajiye tsintsiyar. Leɓɓanta suka motsa, kanta a sunkuye.

“Mi kinka ce?”

Ta sake faɗa, a hankali, tana duban katangar maƙwabta wadda ba ta fi kafaɗa ba. A bayanta ana jin Kulu na daka.

“Ɗaga murya! Kin san ba ni ji!”

Ba maganar ɗaga murya ba ce. Magana ce da mace irin Ramatu ba ta taɓa yi da namiji ba, ko da raɗa. Ta tsaya tana dubansa, idonta ya kawo ruwa. Can ta kamo hannunsa mai ƙurar siminti ta ɗora a cikinta. Ta durƙusa, ta jawo shi, ta ɗora hannun a ƙasa. Sannan ta ɗago ta bar shi ya karanta kalma ɗaya a bakinta, wadda ya sani tun kafin ta gama.

“Wancan.”

Ya daɗe a durƙushe kafin abin ya haɗu masa. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, amma naƙudar Issufu ta riga tafiyar Ramatu Toumboutou. A ɗakin nan ta haihu, shi yana gonakin shinkafa. Mabiyiya, abin da ke biyo jariri daga ciki, ba a yar da ita. Tsofaffin mata ke wanke ta su binne a bayan ɗakin mai jego, kuma ba a kiran maza, ba a gaya musu wurin. Uwar Almustapha da ungozoma suka binne, duka sun rasu. Shekaru bayan haka ya zo da tiyonsa, matarsa ba ta gari, ya ja layi ta inda ya fi gajarta. Ta dawo ta tarar an gama, an rufe. Ta yi shiru, don a lokacin yaron na nan yana cin tuwo, kuma da wane baki za ta faɗa? Yanzu gulbi ya riƙe sauran. Duk abin da ƙasa ta karɓa na Issufu yana ƙarƙashin tafin hannunsa, kuma gwiwar tiyon da ta tsage na nan kusa da shi.

Ya so ya ce mata ba abin da ya rage a ciki, ƙasa ta cinye tuntuni, zai tona a hankali da hannu. Gaskiya ce. Ya dubi fuskarta ya ga ita ma ta san gaskiyar, kuma ba ta da amfani.

Abin da ya faru a zuciyarsa bayan wannan ba mai tsabta ba ne gaba ɗaya. Ya ji tausayinta, ya ji kunyar tiyon da ya ja. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai wani abu da ya yi kama da hutu. Yanzu ya san wurin. Yana iya zana da'ira, ya fasa sau ɗaya, ya kira Kulu ta ga ruwa, sunansa ya ƙara shekara ko biyu da kunnen matarsa. Ya auna wannan, ya auna shi da gaske, har ya duba inda gawayin yake. Sannan ya ga ɗaya hanyar, wadda Karimu ya kawo, ya ga cewa in ya bi ta ba zai ƙara kafa ƙarfe a gidan kowa yana rufe ido yana ƙarya ba. Ya gaji da kallon leɓɓa. Ya gaji da tsoron ranar da zai fashe tayil ɗin wani Alhaji a banza. An ba shi dalilin sauka wanda zai iya gaya wa kansa ba kasawa ba ce. Ko don ita ya yi, ko don kansa, bai taɓa rarrabewa ba, kuma Ramatu ba ta tambaya ba. Ita ma akwai abin da ba a tambaye ta ba: da bai gane ba, da ta bar bangon ya faɗi?

Da safe ya tafi kasuwa ya sayo tiyon roba, ya ɗauko a kafaɗa ya ratsa unguwa da shi, kowa na gani. Ya rufe ruwa, ya yanke tsohon layin daga bakin agogo ya toshe. Ya ja sabon ta sama, ya bi gindin katanga ta ɗaya ɓangaren, nesa da ɗakinta, ya kafe shi da ƙusoshi. Aikin ya yi kyau, a miƙe, ba kwana ko ɗaya da ba ta da dalili. Ya buɗe ruwa, ya rufe pampo, ya tsaya kan agogon. Allurar ta tsaya cik.

Karimu ya shigo da yamma ya tarar da matan unguwa sun yi cirko-cirko.

“Kai! Hanjin akuya a gidan mai kunnen zomo! Wa ya yi wanga aiki, in kai mishi goro?”

Almustapha ya juyo ya dube shi, ya ce da murya mai ƙarfi, irin wadda bai ƙara ƙoƙarin ragewa ba, “Ka matso gabana in za ka yi magana, Karimu. Ba ni ji. Na daɗe ba ni ji.”

Ba wanda ya yi dariya. Kulu ta sauke bokitinta ta ce Allah ya sawwaƙe, ta maimaita da ƙarfi, har sau biyu. Kafin a yi magariba maganar ta kai bakin gada.

Bangon ya bushe kafin hadari. Ya kankare ruɓaɓɓen shafen, ya cike gindin da sabuwar ƙasa, ya toshe ramukan tsakar gida, tabonsu na nan har yau. Ruwan farko ya zo da iskar da ta kwashe rufin makarantar allo ta unguwar, ɗakin Ramatu bai motsa ba. Basira ta cire labulen ta ba kishiyar uwar mijinta. Ramatu ba ta tsallaka gada ba.

Masu zuwa neman Baba Almu suka ragu, sannan suka ƙare. Waɗanda ya yi wa aiki cikin shekarun baya suka fara lissafin ko tun yaushe, wasu suka ce dama sun lura. Yanzu yana zama a gefen kasuwa da tebur, yana sayar da kan pampo da gwiwoyi da zaren naɗi, mai saye na nuna abin da yake so da yatsa. A gida magana ta ƙara raguwa. Abin da za a faɗa da ihu kaɗan ne: abinci ya sauka, an yi baƙo, wane ya rasu. Sauran sai su bar shi.

Da wata bazarar ta zagayo, simintin bayan ɗaki ya koma zafi kamar ko'ina. Wata rana ya dawo da wuri ya hango Ramatu ta idar da alwala, ta ɗauki butar ta shiga lungun. Ta tsaya daga gefe, ta miƙa hannu ta tsiyaye sauran ruwan a wurin, kaɗan-kaɗan, tana kallo yana bajewa. Kusa da gindin bango ne, bangon da ya sha wahalar busarwa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya juya ya koma zaure ya zauna, har ta fito.